Ƙaramin Gidan Tarihi a Katsina: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tara Kayan Kakanni da Adana Su

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son buɗe ƙaramin gidan tarihi na unguwa, na zuri'a ko na gari, da kuma masu riƙe da kayan gado a adaka suna tsoron kada su lalace a hannunsu. An tsara amsoshin bisa yanayin ƙasar Katsina da Daura: zafin bazara, laimar Agusta, ƙurar hunturu, da gara.

Tunda akwai gidan tarihi na gwamnati a Katsina, ina amfanin wani ƙarami mai zaman kansa?

Gidan tarihi na ƙasa yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Hasumiyar Gobarau, da Rijiyar Kusugu a Daura, da kushewun Durɓi Takusheyi duk sanannu ne, kuma akwai hukumomin da ke da alhakinsu. Abin da ke salwanta kullum ba a ji ba a gani shi ne kayan talaka: ƙoshiyar masaƙi, muciyar marini, zugazugin maƙeri, mazari da abawar tsohuwa, rasiɗin haraji da na jangali, wasiƙar da bafatake ya aiko wa iyalinsa da ajami. Idan dattijo ya rasu aka raba gado, irin waɗannan su ake fara zubarwa ko a sayar wa 'yan gwangwan.

Nan ƙaramin gida yake da ƙarfi, domin mutanen unguwa sun san mai shi, sun yarda da shi. Shawararmu ita ce ku yanka wa kanku iyaka tun farko. Ku ce tarihin Gafai, ko Masanawa, ko Gambarawa. Ko sana'ar dukanci kawai. Ko kayan doki. Wanda ya ce zai karɓi duk abin da ya tsufa, cikin shekara biyu ɗakinsa ya zama rumbun tarkace.

Doka ta yarda mutum ya buɗe nasa?

Ta yarda. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ba hukumar ikon amincewa da gidan tarihi mai zaman kansa, da ikon janye amincewar. A dokar, aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, mai daraja ta tarihi ko fasaha, yana cikin kayan da ake karewa. Ba a fitar da irinsa waje sai da takardar izni, ba a cinikinsa sai ta hannun wanda hukuma ta lamunce wa, ba a kuma tonon ƙasa don neman kayan tarihi sai da izni. Ku fara da zuwa ofishin hukumar a tsohuwar Kwaleji, ku kuma sanar da hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Kafin duk wannan, ku gaida mai unguwa da hakimi, ku faɗa masu niyyarku.

Yana da kyau a yi wa gidan rajista da sunan kwamitin amintattu, kada ya tsaya da sunan mutum ɗaya. In ba haka ba, ranar da mai gidan ya koma ga Allah, kayan da jama'a suka ba da amana sai su faɗa cikin dukiyar da magada za su raba.

Wane irin ɗaki ya dace, soro ko na kwano?

Soron ƙasa mai kaurin bango ya fi. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi da rana, da dare kuma ya huce. Wannan hawa da sauka shi ke sa ƙwarya ta tsage, fata ta tattare. Soro yana riƙe yanayi ɗaya, amma yana da nasa sharuɗɗan: a duba rufi a yi yaɓe kafin ruwan farko, a share indararo, a riƙa duba azara saboda gara. Idan ɗakin kwano ne kawai ke akwai, a sa silin, a bar ƙofofin iska a sama da raga.

Ɗaki biyu ake bukata ko da ƙanana ne, ɗaya na nuni, ɗaya na ajiya. Sai wani lungu daban inda sabon kaya zai yi wata guda kafin ya haɗu da sauran. Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako. Hawa na ƙasa ya ɗaga daga daɓe da santimita 15 aƙalla, a kuma bar tazarar tafin hannu tsakanin kanta da bango don a iya haska tocila a bayanta. Kada komai ya kwana a ƙasa.

Wane abu ne na farko da za a saya?

Littafin rajista mai ɗinki da bango mai ƙarfi, da fensir. Akwatin gilashi ya jira.

Me ake rubutawa a rajistar?

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Takobi marar labari takobi ne kawai, ana samun irinsa a kasuwa. Abin da ya mai da shi tarihi shi ne sanin wa ya ƙera shi, wa ya rataya shi, a ina, a zamanin wa. Wannan sani yana cikin kan wanda ya kawo kayan, kuma sau da yawa dattijo ne. Saboda haka a rubuta a ranar, yana zaune, kada a ce sai ya dawo.

Kowane abu yana da lamba mai gaɓa uku: shekarar karɓa, lambar karɓa a shekarar, da lambar abu a cikin kayan. Idan karɓa ta huɗu a 2025 ta ƙunshi sirdi da linzami da likkafa, za su zama 2025.4.1, 2025.4.2 da 2025.4.3. Ba a sake ba wani abu lambar da aka taɓa bayarwa, ko da na farkon ya ɓace. A gaban lambar a rubuta sunan abin kamar yadda mai shi ya kira shi, ko da ya saɓa da wanda kuka sani, da abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi da santimita, lahanin da ya zo da shi, wanda ya kawo, da inda aka ajiye. Labarin kuma a rubuta da kalmominsa, a raba tsakanin abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. "Kakata ta ce" hujja ce mai daraja, amma a rubuta ta a matsayinta. Idan ya yarda, a ɗauki muryarsa da waya.

Wajen maƙala lambar ma akwai kuskure. A takarda da hoto, fensir mai taushi a baya. A tufafi, a rubuta a ɗan ƙyallen auduga a ɗinke shi a ciki da zare biyu ko uku. Sauran kaya, ɗan kati a ɗaura da zare. Biro da maka da fenti da takarda mai gam duk ba su fita, gam ɗin kuma yana barin tabo.

Duk wata a ɗauki hoton sababbin shafukan rajista a ajiye a wani gida.

Wani ya ce zai kawo kayan mahaifinsa, amma aro. A karɓa?

A karɓa idan akwai takarda. A rubuta ko kyauta ce ko aro, in aro ne zuwa yaushe (shekara ɗaya da za a iya sabuntawa ta wadatar), da wanda ke da ikon zuwa ya karɓa. Tambayar da ba a tsallakewa ita ce: an raba gado? Idan ba a raba ba, kayan na magada ne duka, har mata da ƙananan yara, ɗa ɗaya ba ya da ikon kyautar da su. A nemi sa hannun magada ko wakilinsu, da shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi da hoton abin a yadda ya zo.

Kayan sarauta kuwa, irin su tambari, kakaki ko sandar girma, galibi na kujera ne. Kada a karɓa sai da sanin fada.

Ta yaya za a san shekarun abu idan babu kwanan wata a jikinsa?

Dattawa ba safai suke riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe zamani. A tambaye su da sarakuna: Sarki Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman daga 1981 zuwa 2008. Akwai kuma manyan alamomi da kowa ke tunawa: samun 'yancin kai a 1960, komawar mota hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. "An yi wa innata jere da wannan tasa kafin a canza kuɗi, Nagogo na sarauta" ya ba ku tsakanin 1944 da 1973. Haka za ku rubuta, kada ku zaɓi shekara ɗaya don ta yi daɗin karantawa.

Idan takarda na da shekarar Hijira, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali 1324 tana ba da 1906. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya.

Muna da kuɗin azurfa mai hoton mace da 1780 a jiki. Shekarunsa sun kai haka?

Da wuya. Wannan dalar Mariya Tariza ce ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita, maƙeran farfaru kuma suka riƙa narkarwa suna yin mundaye da zobba. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan haka, har cikin ƙarni na 20, wannan shekarar aka bar masu. Abin adanawa ne, amma a rubuta cewa shekarar da ke jiki ba lallai ce ta bugu ba.

Yaya za a yi da tsofaffin littattafan hannu na Larabci da ajami?

Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba ya rasa irin waɗannan, kuma su ne suka fi saurin lalacewa a hannun mai kyakkyawar niyya. Littattafanmu warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, ana haɗa su tsakanin bango biyu a sa a gafaka. Don haka haɗari na farko shi ne rikicewar jeri. Kafin komai, a lambata kowace warƙa da fensir a kusurwa, a yadda aka same ta, ko da kuna ganin jerin ba daidai ba ne. Daga baya malami zai iya gyara shi ta bin kalmar da marubuci ke sakawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. A duba ƙarshen littafi, inda mai kwafe yakan rubuta sunansa, wani lokaci har da rana da shekara. A ɗaga warƙa ga haske: tambarin jinjirin wata uku alama ce ta takardar da aka yi a Italiya, wadda ta riƙa shigowa ta Sahara, ta yawaita a ƙarni na 19. Ƙananan takardun da aka cusa a tsakani, na bashi ko na haihuwa ko fatawa, a bar su inda suke a rubuta wurin.

Abin da ba a yi ko kusa: liƙa salatif a yagewa, da kai warƙa shago a rufe ta da roba mai zafi. Gam ɗin salatif yana ratsa takarda ya mai da ita ruwan ƙasa cikin 'yan shekaru, ya ɗauke tawada idan an ɓamɓare. Rufin roba kuwa ba ya warwaruwa. Warƙar da ta yage a sa ta cikin ninkin farar takarda mai kyau a bar ta. Idan tawada ta fara cin takarda har haruffa suna zubowa, wanda ke faruwa da tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe idan ta sha laima, a daina buɗewa, a nemi masu gyaran takardu a Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

A ajiye littafi a kwance, a naɗe da farin yadin auduga da aka wanke aka cire sitaci, a cikin kwali daidai girmansa. Kada a ƙulle shi a leda, domin da damina tana tara gumi, funfuna ta kama. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, wadda ke sa a kasa jin gefen warƙa. Alƙur'ani kuma a ba shi haƙƙinsa: mai alwala ya taɓa, a ɗora shi sama da sauran.

Mun ga gari-gari a ƙarƙashin akushi, da ƙananan huda a riga. Mu fesa maganin ƙwari?

Kada ku fesa a jikin kaya. Man da ke cikin maganin yana barin tabo, yana narka rini, kuma ba ya kai wa ga ƙwai da tsutsar da ke can cikin itace. Ku fara da ware abin a leda, ku share wurin, ku duba maƙwabtansa.

Hanya mafi tabbas ita ce sanyi. A naɗe abin da yadi, a sa a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure sosai. A sa a firizar da ke kai digiri 18 ƙasa da sifili, kwana 14 ba yankewa. Matsalar a nan wuta ce: idan ta ɗauke har firiza ta saki, lissafi ya koma farko, don haka sai inda ke da sola ko janareta tsayayye. In an fito da shi, kada a kwance ledar sai bayan awa 24, don raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. Ganga da kalangu da kotso masu ɗaurarriyar fata ba sa shiga firiza, haka hotuna.

Inda babu firiza, ranar bazara tana aiki ga yadin auduga, faifai, lefe da itace marar fenti. A naɗe da yadi, a rufe cikin baƙar leda, a ɗora a kan gado a rana, da ma'aunin zafi a tsakiyar naɗin. Ana son ya kai digiri 55 ya zauna awa uku zuwa huɗu, kada ya wuce 60. Fata da takarda da hoto ba sa jure wannan.

Gara daban take. Daga ƙasa take zuwa, tana gina hanyar laka a bango, kuma tana iya cinye kwalin takardu cikin 'yan kwanaki. Maganinta duba bayan kanta kowane mako, da kiran masu feshi su yi wa gindin gini da gidanta magani bayan an kwashe kaya. Busasshen ganyen bedi a ɗan buhun ƙyalle yana rage zuwan asu, amma ba ya kashe wanda ya riga ya shiga. Kada a ci abinci a ɗakin, don kyankyaso da ɓera ƙamshi suke bi.

Laimar damina fa?

Ku sayi ƙaramin ma'aunin laima. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 shi ne lafiya. Idan ya zauna sama da 65 na kwanaki, funfuna na tafe, musamman a fata. A buɗe tagogi da rana idan gari ya bushe, a kunna fanka, a rufe da yamma. In funfuna ta fito, a fitar da abin inuwa ya sha iska, sai ta bushe a kakkaɓe da burushi mai laushi, da takunkumi a hanci. Gogewa da jiƙaƙƙen tsumma tura ta ciki yake yi.

Gafaka da takalma sun ƙandare. A shafa masu mai?

A'a. Man shanu da man gyaɗa da man shafawa suna laushi na ɗan lokaci, daga baya su yi ɗoyi, su baƙanta jan fata, su jawo ƙura da ƙwari. Abin da aka ajiye don tarihi ba a bukatar ya lanƙwasu. A cusa masa yadi mai laushi ya riƙe siffarsa, kada a tanƙwara shi da hunturu, lokacin da ya fi saurin karyewa.

Babbar riga da alkyabba, a rataye ko a ninke?

A shimfiɗa. Nauyin aikin aska takwas yana yaga kafaɗar tsohuwar riga idan ta daɗe a rataye. In dole a ninke, a sa naɗin yadi a cikin kowane ninki don kada ya yi kaifi, a sauya wurin ninkin duk wata shida. Gwado da rawani a nannaɗe su a bututun da aka rufe da yadi. Kore da turkuɗi da duk mai shuni a naɗe kowanne shi kaɗai saboda zuba, kuma ba a wanke su: ƙyallin bugu da ya tafi ba ya dawowa.

Takobi ya yi tsatsa. A goge har ya yi ƙyalli?

Wanda ya kai takobi wurin mai wasa wuƙa ya goge tambarin maƙeri da rubutun da ke jikin ruwansa, waɗanda su ne shaidar asalinsa. A kakkaɓe tsatsar da ke tashi da burushi mai tauri, a shafa kakin adana ƙarfe siriri, a ajiye a busasshen wuri. Kada a tilasta zare wanda ya maƙale a kube. Tagulla ma a bar ta da duhunta. Sai dai in ta fara fitar da gari kore mai haske, to wannan ciwo ne mai ci, a ware ta a nemi masani.

Hattara biyu. Tsohuwar bindigar toka tana iya kasancewa da albarushi a ciki shekara da shekaru, don haka a sanar da 'yan sanda, a sa wanda ya san ta ya duba. Kibiya kuma a ɗauka tana da dafi, domin dafin ƙwanƙwani yana daɗewa bai mutu ba. A riƙe ta da safar hannu mai kauri, a kulle ta inda yara ba sa kai wa.

A buɗe laya don a ga abin da ke ciki?

A'a. A rubuta ta a yadda take, a bar ta a ɗinke.

Manomi ya tono tukwane da ƙarafa a gona ya kawo. Me za a yi?

A roƙe shi ya dakatar da tono, a ɗauki hoton wurin, a sanar da hakimi da hukumar gidajen tarihi. Kada a wanke, kada a zubar da ƙasar da ke cikin tukunya, kada kuma a biya shi kuɗi, don biya yana sa gobe wasu su fita da diga. Ilimin yana cikin yadda abubuwan ke kwance da zurfin da aka same su. Abin da aka sani game da Durɓi Takusheyi, inda aka yi tono a 1907 da 1992, ya fi yawa daga tono na biyu, wanda masana suka yi da awo da rubutu.

Yaya ake shirya ɗakin nuni?

Kaɗan ake nunawa. Abu talatin da bayani sun fi ɗari uku a cunkushe. A haɗa kaya bisa aikinsu: auduga, gurya, mazari, zare, ƙoshiya, sannan sawaye da rigar da aka ɗinka, mai kallo ya bi hanyar da ido. Bayani ya zama da Hausa da manyan haruffa, kalma 30 zuwa 40, da ajami in da hali, domin dattawa da yawa shi suka fi karantawa. A sa sunan gidan da ya bayar idan sun yarda.

Hasken rana kada ya sauka kan kaya. Yadi da takarda suna koɗewa, kuma abin da ya koɗe ya tafi ke nan. A sa labule, a yi amfani da ƙwan LED marar ƙarfi, a kashe idan babu baƙi. Littafin da aka buɗe a juya shafinsa duk wata, bayan wata uku ya koma ajiya. Tsohon hoto kuwa kwafinsa ake kafewa a bango.

Ɗaukar hoton kaya da waya ya wadatar?

Ya wadatar idan an yi shi da tsari: a inuwa mai haske, ba filasha, da ma'auni da katin lamba a gefe, sunan fayil kuma ya zama lambar rajista. A ajiye kwafi uku a wuri uku. Hoton da aka tura ta WhatsApp yana raguwa, kada a dogara da shi a matsayin na ajiya.

Ɗalibai nawa za a shigar a lokaci ɗaya?

Goma zuwa goma sha biyar a ƙaramin ɗaki, da malami ɗaya, jakunkuna a waje. A tanadi tabarma a zaure da kayan da aka saya sabo don taɓawa, kamar mazari da auduga, faifai, allo da tawada, kuɗin wuri. Idan akwai tsohon masaƙi ko baduku a unguwa, a gayyace shi ranar, a ba shi abin goro, a ɗauki bayaninsa da izninsa a ƙara a rajista. Bayan sun tafi a ƙirga kayan nuni da takardar lissafi kafin a kulle ƙofa.